"Kaya Idan Ya Fita Ba Ya Dawowa": Alhakin Kaya Mara Kyau da Awannin Ma'aikaci a Dokar Najeriya

A ƙasan rasit ɗin shaguna da dama, daga kasuwar waya ta Farm Centre zuwa Sabon Gari a Kano, akwai wani gargaɗi da ido ya saba da shi: kaya idan ya fita ba ya dawowa. Yawancin masu saye sun ɗauka magana ta ƙare ke nan. A gefe guda kuma, ma'aikata da yawa sun yi imanin cewa doka ta yanka awa 8 a rana, duk wanda ya sa su wuce haka ya karya ta. Duka biyun ba haka suke ba. Tun 2019 wancan rubutu na rasit ba ya kare mai shago idan kayan na da aibi. Ita kuwa Dokar Ƙwadago babu inda ta ambaci awa 8 ga baligin ma'aikaci. Wato a wajen kaya doka ta fi yadda ake zato tsauri, a wajen awanni kuma ta fi yadda ake zato sakaci. Daga nan yawancin ruɗanin da ke cikin gardamar sa ido kan kasuwanci ya samo asali.

Hukumomin da ake cakuɗawa

NAFDAC, wadda aka kafa da dokar soja ta 1993, ita ke kula da abin da ke shiga jiki ko ake shafawa: abinci, magani, ruwan leda da na roba, kayan kwalliya da sinadarai. SON ta girme ta, tun farkon shekarun 1970 take, kuma aikinta ma'aunin inganci ne na irin su siminti, rodi, wayar lantarki, taya da tukunyar gas. Tana da tsarin MANCAP na kayan da aka ƙera a gida, da SONCAP na waɗanda aka shigo da su. NAFDAC da SON tun kafin kaya su shiga kasuwa suke tantance su.

FCCPC, hukumar tarayya ta gasa da kare masu saye, dabam ce. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta haife ta, ta maye gurbin tsohuwar majalisar kare masu saye ta 1992. Aikinta ya fi ƙarfi bayan an yi ciniki: wa aka cuta, wa zai biya. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare masu saye. Sha'anin ma'aikata kuwa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne, shari'arsa kuma ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Bambancin yana da amfani, domin lambar NAFDAC a jikin kaya shaida ce cewa an duba samfuri da wurin sarrafawa a lokacin rajista, wadda akan sabunta bayan shekara 5. Ba ta nufin an gwada kowane katan da ya fito daga masana'anta.

Daga "ka gani ka saya" zuwa yau

Tsohuwar ƙa'idar ciniki da Najeriya ta gada daga dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893 ta fi karkata ga cewa mai saye ya buɗe idonsa. Bahaushe ma yana da irinta: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sai dai wannan ta aibin da ke fili ne. Aibin da aka ɓoye kuwa, algus ne, kuma fikihun Malikiyya da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi ya bai wa mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da ya riga ciniki, ba a kuma faɗa masa ba. Saboda haka mayar da kaya ba baƙon abu ba ne a kasuwanninmu. Rubutun rasit ɗin ne ma baƙo.

A kotunan zamani, wanda kaya suka cutar sai ya tabbatar da sakacin kamfani kafin a biya shi. Tushen wannan wata shari'a ce ta Birtaniya a 1932, ta matar da ta ce ta tarar da dodon koɗi a kwalbar lemo. Najeriya ma ta yi irin tata: a 2008 Kotun Ƙoli ta bai wa wani mutum gaskiya a kan kamfanin lemo bayan ya tarar da mataccen kyankyaso a kwalba. Amma kafin a kai nan shekaru sun shuɗe. Wahalar ita ce mai ƙara bai taɓa shiga masana'antar ba, ita kuwa sai ta kawo injiniyanta ya zayyana yadda ake wanke kwalabe, alƙali ya rasa abin kamawa.

Dokar 2018 ta juya lamarin ta hanyoyi da dama. Sashe na 132 ya ce duk kayan da aka sayar suna ɗauke da garantin inganci ko ba a rubuta ba, kuma cikin wata 3 da karɓar kaya mai saye na iya mayar da su idan ba su cika ƙa'ida ba, a gyara masa, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa, ba tare da an caje shi ba. Sashe na 136 ya ɗora alhakin ɓarnar da kaya masu aibi suka yi, a jiki ko a dukiya, a kan wanda ya samar da su, ko da wanda abin ya shafa ba shi ya saya da hannunsa ba. Yaron da ya sha, ko baƙon da caja ta ƙone wa ɗaki, duk sun shiga. Sashen da ke biye ya hana a kauce wa wannan alhaki da wani sharaɗi ko sanarwa, nan ne rubutun rasit ya faɗi. Mafi nauyi shi ne sashe na 145: idan aka yi zargin kaya na da aibi, mai kayan ne zai kawo hujjar cewa lafiyarsu ƙalau. Hukuncin saɓa haƙƙin mai saye ya kai ɗaurin shekara 5 ko tarar naira miliyan 10 ga mutum, ga kamfani kuma naira miliyan 100 ko kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na bara, duk wanda ya fi yawa.

Akwai iyaka. Wanda ya sayi atamfa ya je gida uwargida ta ce launin bai yi mata ba, wannan ba aibi ba ne. Wayar da ta faɗa ruwa a hannun mai ita ma haka. Kayan gwanjo da waɗanda aka yi wa kwaskwarima halal ne a sayar, muddin an bayyana cewa ba sababbi ba ne. Laifin yana wajen mai sa tsohuwar waya a sabon kwali.

Inda igiyar ke tsinkewa

A takarda, mai saye zai koma wa mai shago, mai shago ya koma wa dila, dila ya koma wa masana'anta ko wanda ya shigo da kayan. A kasuwa kuwa igiyar takan tsinke tun a mataki na biyu, kuma manyan masifun da aka gani sun nuna ta ina.

A ƙarshen 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara aƙalla 84. Abin da ya faru shi ne sinadarin da ake narkar da magani a cikinsa, propylene glycol, an maye gurbinsa da diethylene glycol, wanda ake amfani da shi a masana'antu, yana kuma lalata ƙoda. Su biyun sun yi kama a ido, ga zaƙi-zaƙi, na biyun kuma ya fi araha. An sayo shi daga hannun ɗan kasuwar sinadarai mara lasisi, ba a gwada shi ba aka zuba. Sai a 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara 7. Irin wannan guba ce ta kashe yara sama da 100 a Jos da Ibadan a 1990, ita ce kuma aka samu a magungunan tari na wani kamfanin Indiya da aka danganta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Kuskure ɗaya, sau uku, a cikin shekara 32: ba a gwada ɗanyen kaya kafin a sarrafa.

Na Kano ya fi kusa. A watan Maris na 2021, gab da azumi, ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti da amai da fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan shan lemon haɗi. NAFDAC ta ce wani sinadari mai suna hydroxylamine aka sayar a matsayin ɗan tsami. A nan dokar 2018 ta gamu da ainihin kasuwa. An farke buhu, an auna a leda, ledar babu suna, babu lambar rukunin sarrafawa, babu ranar lalacewa. Matar da ta haɗa lemon a gida ta ba yara talla ita ce "mai samar da kaya" a idon doka, alhali ita ma cutarta aka yi, kuma ko an ci ta tara ba ta da abin biya. Wanda ya shigo da buhun yana can nesa, babu takardar da ta haɗa shi da ita.

Shi ya sa masu aikin sa ido suka fi damuwa da lambar rukuni fiye da komai. Ita ke ba da damar a ce kayan da aka sarrafa a rana kaza su kaɗai za a janye. In babu ita, ko dai a kwashe komai a durƙusar da mai gaskiya, ko a bar komai. Wannan tunani ne ya sa aka matsa wa masu sayar da magani a sari na Sabon Gari da Malam Kato su koma cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya, har aka rufe shaguna sama da 1,000 a Fabrairun 2024 bayan hukuncin kotu. Hukumomi sun ce sai an tara sari a wuri guda za a san inda kowane katan ya fito, a kuma adana magani daga zafi. 'Yan kasuwar sun koka da tsadar shaguna da nisan wurin daga abokan cinikinsu.

Haka abin yake a hatsi. Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos, wanda ake zuba wa buhu don gudun ƙwaro. Buhun da ya bi hannu biyar kafin ya iso Dawanau, da wuya a nuna wanda ya zuba.

Awanni: abin da doka ta faɗa da wanda ta bari

Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago, wadda ta fara aiki tun shekarun 1970, ya ce awannin aiki su ne waɗanda aka amince a kansu tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ko ta yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago, ko ta hukumar albashin wata sana'a. Abin da ya haura haka shi ne ƙarin lokaci. Bai faɗi adadi ba, bai kuma yanka nawa za a biya na ƙarin lokacin ba. Awa 8 da kwana 5 da aka sani tsarin aikin gwamnati ne da manyan kamfanoni. Asalin adadin kuma yarjejeniyar farko ce ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919, wadda ta sa awa 8 a rana da 48 a mako a masana'antu. Maƙwabta sun rubuta nasu ƙarara: dokar Nijar ta 2012 ta sa awa 40 a mako, ta Ghana ta 2003 ma awa 8 a rana ko 40 a mako.

Abin da dokar Najeriya ta tabbatar shi ne hutu. Wanda zai yi awa 6 ko fiye a rana yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa 1 ba. A kowane kwana 7 yana da hutun awa 24 a jere. Bayan shekara guda yana aiki yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa, da kwana 12 na rashin lafiya idan likita ya shaida. Yaron da bai kai 16 ba ba a sa shi awa 4 a jere ba hutu, ko fiye da awa 8 a rana. Sannan cikin wata 3 da fara aiki dole a ba ma'aikaci takardar da ta bayyana aikinsa, albashinsa da awanninsa. Wannan takarda ita ce rasit ɗin ma'aikaci. Tunda doka ta bar awanni ga yarjejeniya, wanda ba shi da ita ba shi da ma'aunin da zai ce an wuce.

Ga yadda rashin adadi ke cin albashi. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. Mai aikin awa 40 a mako yana yin kusan awa 173 a wata, kowace awa ta kama kusan naira 404. Mai gadi ko ma'aikacin gidan burodi da ke yin awa 12 kwana 6 a mako yana yin kusan awa 312, awarsa ta dawo kusan naira 224. Duka biyun an biya su daidai da doka. Kuma wannan ma ga wanda dokar albashin ta shafa ne, domin ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho ko na jinga. Yawancin gidajen ruwan leda, shagunan ɗinki da makarantun kuɗi na unguwa suna cikin waɗanda aka ware.

Iyakar da abin zai iya kaiwa an gan ta a Yunin 2020, lokacin kullen korona, da 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da 100 daga wata masana'antar shinkafa a Challawa, waɗanda suka ce an hana su fita kusan wata 3. Wannan ya wuce batun awanni, ya shiga tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, amma daga wuri ɗaya ya faro: babu wanda ke leƙawa.

Ba safai ake haɗa awanni da inganci a magana ɗaya ba, alhali a masana'anta abu guda ne. A gidan ruwan leda, ayyukan da ke kare lafiyar mai sha ba su ne ke kawo kuɗi ba: wanke tankuna, sauya matatai a kan lokaci, duba ko fitilar kashe ƙwayoyin cuta tana ci, rubuta rana a littafi. Ma'aikacin da ake biya da yawan jakar da ya ɗaure, yana awa ta 11 a tsaye, su zai fara tsallakewa, don tsayar da inji ragin kuɗinsa ne.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu masana'antu da ƙananan 'yan kasuwa sun ce ba ƙarancin doka ke damun Najeriya ba, yawanta ne. Mai ƙaramin gidan burodi zai yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya nemi lambar NAFDAC, ga jami'an tsafta na jiha, ga harajin ƙaramar hukuma, ga kuɗin allon talla, kowa da rasit ɗinsa. Tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta na rukunin A, masu samun wuta mafi yawan awanni, zuwa naira 225 a kowane yunit a Afrilun 2024, da hauhawar farashin da ta haura kashi 34 a ƙarshen shekarar, ribar ta tsuke. A cewarsu, in aka ƙara tilasta canjin aiki uku a maimakon biyu, ko a sallami mutane ko a rufe. Suna kuma nuna cewa mai rajista kaɗai ake kamawa tunda shi ke da adireshi, mai yi a bayan gida yana ci gaba da sayar da araha. Hujja ce mai ƙarfi, kuma gwamnati ta amsa wani ɓangarenta da dokar sauƙaƙa kasuwanci ta 2023.

Masu kare haƙƙin masu saye da ƙungiyoyin ƙwadago irin su NLC sun ce kuɗin da ɗan kasuwa ya tsimi ta hanyar ƙin gwaji ko ƙin ɗaukar ƙarin ma'aikaci ba ɓacewa yake ba, wani ne ke biya, a gadon asibiti ko a lafiyar jikinsa. Sun kuma ce kiran abin "yarjejeniya" tsakanin mai masana'anta da matashin da mutum 50 ke layi a bayansa suna neman gurbinsa wasa da kalma ne.

In aka duba da kyau, ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Na farko suna kuka da shingen shiga kasuwa: rajista, lasisi, kuɗaɗe. Na biyu suna kuka da rashin hukunci bayan ɓarna. Ana iya samun duka biyun a lokaci guda, kuma a Najeriya haka ake ciki. Akwai kuma masu cewa kasuwa za ta hukunta mai algus da kanta, tunda suna shi ne jarin ɗan kasuwa. A Kantin Kwari, inda dila da mai sari suka shekara 20 tare, wannan na aiki. Ba ya aiki a kan gubar da ba a gani, ko rodin da sai bene ya rufta za a san siriri ne. Hatta faɗin ra'ayi a kan kaya yana da haɗari: a 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi, aka kama ta, aka gurfanar da ita a ƙarƙashin dokar laifukan intanet.

Abin da ya shafi mutum kai tsaye

Ga mai saye, hanyar da doka ta shimfiɗa tana farawa daga shagon. In an ƙi, sai hukumar da ke kula da irin kayan, ko FCCPC, ko kotu. Abin da ke raba mai nasara da mai asara shi ne rasit mai kwanan wata da sunan shago, kwalin kayan, da sauran abin da ya rage in abinci ne ko magani, a ajiye kar a zubar. Bayar da shaidar ciniki wajibi ne a kan mai sayarwa inda hakan zai yiwu, saƙon banki na tura kuɗi ma yana taimakawa. A waya, a sa mai shago ya rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a rasit, don kar gobe a ce ba ita aka sayar ba.

Ga mai shago, dokar ta sa shi a gaba duk da ba shi ya ƙera ba. Kariyarsa ita ce takardar sari daga dila mai adireshi. Wanda ya sayi kaya a bayan mota saboda araha, shi zai ɗauki asarar shi kaɗai.

Ga ma'aikaci, Kotun Ma'aikata ta samu ƙarin iko tun gyaran tsarin mulki na 2010, har tana iya duba kyakkyawan tsarin ƙwadago na duniya wajen hukunci, kuma dokar diyya ta 2010 ta wajabta wa mai aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF don wanda ya ji rauni a bakin aiki. Sai dai alƙaluman Hukumar Ƙididdiga sun nuna sama da kashi 90 na masu aiki a ƙasar suna sana'o'in da ba na ofis ko kamfani mai rajista ba ne. Yaron shago a Singa yana buɗewa da safe ya rufe bayan magariba, ba a albashi yake ba, yana jiran ranar da maigida zai sallame shi da jari. In an saɓa masa, ba kotu yake zuwa ba, wajen shugabannin kasuwa ko dattawan da suka kai shi yake kai kuka, su kuma abin da suke tambaya shi ne shekara nawa aka yi alkawari, kuma a gaban wa.